Limfoma da Hoton Nukiliya: Abin da Yake Gani da Nisansa Daga Dogondutsi

Limfoma sankara ce da ke tasowa daga wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosit, waɗanda aikinsu kare jiki daga cututtuka. Waɗannan ƙwayoyi ba su da mazauni guda. Suna yawo cikin jini, suna kuma taruwa a kaluluwa, wato ƴan ƙulle-ƙullen nan na wuya da hammata da matsematsi, da wasu masu yawa da hannu ba ya kai gare su a can cikin ƙirji da ciki. Akwai su a saifa da ɓargo da bangon hanji. Idan ɗayansu ya lalace ya shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, ciwon na iya ɓulla a wurare da dama lokaci guda. Shi ya sa ba a cika magance limfoma da wuƙar likita ba, magani ake zubawa ta jijiya ya bi jiki duka. Kafin a fara kuwa, dole likita ya san ina da ina ciwon ya kai, bayan an fara kuma ya san ko maganin na ci. Waɗannan tambayoyi biyu su ne suka haɗa limfoma da likitancin nukiliya.

An kasa ciwon gida biyu. Akwai limfomar Hodgkin, mai ɗauke da sunan Thomas Hodgkin, likitan asibitin Guy's na birnin Landan, wanda ya bayyana ta a 1832. Ta fi kama matasa, takan fara daga wuya ko ƙirji, kuma tana cikin sankarorin da aka fi samun nasarar warkarwa. Sauran nau'o'in, waɗanda sun kai gommai, an tattara su a matsayin waɗanda ba na Hodgkin ba. A cikinsu akwai masu jan ƙafa, da mutum zai yi shekaru da su bai sani ba, akwai kuma masu gaggawa da ke kwantar da mutum cikin makonni.

Mafi gaggawa ita ce limfomar Burkitt, kuma ita ce ta fi addabar yaran Afirka. Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala, shi ya bayyana ta a 1958 bayan ya yi ta ganin yara da kumburarren muƙamuƙi. Da ya bi sawun ciwon ƙasa-ƙasa, sai ya tarar ya fi yawa a inda ake zafi da ruwan sama, wato inda masassarar cizon sauro ta yi katutu. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar cuta a cikin ƙarin, wadda yanzu ake kira Epstein-Barr. Yawan kamuwa da masassara tun ana ƙuruciya, haɗe da wannan ƙwaya, shi ke share wa ciwon fage. Ƙarin kan ninka girmansa cikin kwana 1 zuwa 2, haƙora su girgiɗe, ido ya turo waje, ko ciki ya cika fal. Sassan kula da yara na manyan asibitocin Yamai da Sakkwato da Zariya da Kano sun san shi. Kwarin Dallol Mawri, wanda ya ratsa gundumomin Dogondutsi da Tibiri, wuri ne da ruwa ke kusa da ƙasa, tafkuna na kwanciya da damina, sauro kuma ba ya ƙaranci.

Kafin a kai ga hoto

Yawancin kaluluwa ba sankara ba ce. Wadda ta fito saboda miki a ƙafa ko ciwon haƙori takan yi zafi, kuma takan sace da kanta cikin mako ɗaya ko biyu. Ta limfoma galibi ba ta ciwo, tana da ɗan tauri, kuma ƙaruwa take yi maimakon raguwa. Akwai alamomi uku da likitoci ke ba muhimmanci na musamman idan sun biyo ta: zazzaɓin da ya haura 38 a ma'aunin zafi ba tare da an ga dalili ba, gumin dare mai jiƙa tufafi da shimfiɗa, da ramar da ta cinye fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki cikin wata 6. Matsalar ita ce, a ƙasar Arewa waɗannan alamomi duka na kowa ne. Tarin fuka na kawo su, sida na kawo su, masassara da taifot ma haka. Majinyaci kan sha maganin masassara sau da yawa, wani a kai shi wurin wanzami a yi wa kumburin sakiya, kafin wani ya yi tunanin sankara. Sakiya ba ta fitar da komai daga irin wannan kumburi sai jini, ga miki da ta bari.

Akwai kuma ƙwayoyin nan na rage kumburi irin su deksametazon da masu tallar magani ke sayarwa a kasuwa. Suna narkar da ƙwayoyin limfosit na ɗan lokaci, kaluluwar ta ragu, dangi su yi murna, bayan makonni ta dawo. Ɓarnar da suke yi ta fi ta jinkiri, domin suna iya ɓata naman da za a auna, su kuma dusashe abin da hoto zai nuna.

Mai ciwo daga Matankari ko Ɗan Kasari ko Kore Mairuwa yakan fara ne daga ƙaramin asibitin da ake kira CSI, daga nan a tura shi asibitin gunduma, sai babban asibitin jiha da ke Dosso, sannan Yamai, tafiyar kusan kilomita 280 daga Dogondutsi a kan hanyar ƙasa mai lamba 1. Abin da ke tabbatar da ciwon a ƙarshen wannan tafiya ba hoto ba ne. Likitan fiɗa ne zai ciro kaluluwa guda, an fi so a ciro ta sukutum, a yanka ta siri-siri, a rina, masanin nama ya duba ta a madubin likita ya faɗi ko limfoma ce, kuma wace iri. Babu na'urar ɗaukar hoto, komai tsadarta, da ke maye gurbin wannan awo.

Hoton sura da hoton aiki

Hotunan da aka saba da su a asibiti, wato rediyo da eko da sikana, sura suke nunawa: girman abu, siffarsa, da inda yake. A ƙa'ida, kaluluwar da tsawonta ya haura santimita 1.5 a hoton sikana abar tuhuma ce, haka ma saifar da ta wuce santimita 13. Amma girma na yaudara ta fuska biyu. Ƙaramar kaluluwa na iya ɗauke da ciwon, a wuce ta ba a gani ba. Sannan bayan an gama magani, musamman a limfomar Hodgkin, sau da yawa akan bar wani dunƙule a ƙirji wanda ba ya ɓacewa. Yana iya zama tabo ne kawai, yana iya zama sankara ce mai rai. Sikana kamar mai kallon suri ne daga nesa: yana ganin tsayinsa, amma bai san ko da gara a ciki ko ta daɗe da tashi ba. Shekaru da dama likitoci na ƙara wa mutane gashi da haske ko magani saboda irin wannan dunƙule, alhali a jikin da yawansu babu sauran ciwo.

Likitancin nukiliya ya juya tsarin. Maimakon a hasko jiki daga waje, sai a sa wa mutum ɗan ƙanƙanin sinadari mai fitar da haske marar ganuwa, a bar jiki ya kai shi inda yake kai irinsa, sannan na'ura ta karanta hasken daga waje. Abin da ke fitowa taswirar aikin gaɓoɓi ce. Tushen dabarar na George de Hevesy ne, ɗan ƙasar Hungari, wanda ya sami kyautar Nobel ta 1943 a kanta. A ƙarshen shekarun 1950 Hal Anger ya ƙera kyamarar gama a Kalifoniya, na'urar da har yau ita ce ginshiƙin wannan fanni. A 1969 aka lura cewa sinadarin galiyom-67 na taruwa a kaluluwar masu ciwon Hodgkin, kuma kusan shekara 30 shi ne hoton nukiliya na limfoma. Yana da wahalar sha'ani: sai an jira kwana 2 zuwa 3 bayan allura, hoton ba ya fita tangaran, hanji kuma na tara sinadarin ya rufe abin da ke cikin ciki. Da wata sabuwar na'ura mai suna PET ta bazu, sai aka ajiye shi.

Yadda PET ke bin sawun sukari

Tun a shekarun 1920 Otto Warburg, masanin kimiyya Bajamushe, ya nuna cewa ƙwayoyin sankara na shan sukari fiye da lafiyayyun ƙwayoyi nesa ba kusa ba. A 1976, a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka, aka haɗa wani sukari na jabu da ake kira FDG. Sukarin gulukos ne da aka cire masa wani ɗan sashe aka liƙa fulorin-18 a gurbin. Ƙwayar halitta na jawo shi ciki kamar yadda take jawo sukarin gaske, ta fara sarrafa shi, sai aikin ya tsaya a matakin farko. Ba ta iya ƙona shi, shi kuma ba ya iya fita da sauƙi. Duk ƙwayar da ta fi haɗama, ita ta fi tara shi.

Fulorin-18 ba ya zama a yadda yake. Yana rikiɗewa, kuma a wajen rikiɗar yana fitar da wani ɗan mitsitsin abu da ake kira fozitiron. Kafin wannan ya yi tafiyar milimita 1 ko 2 a cikin nama, zai ci karo da kishiyarsa, ilektiron, su hallaka juna, su zama tartsatsin haske guda biyu da ke tashi gaba da baya a kan miƙaƙƙen layi guda. Na'urar PET zobe ce ta idanu masu yawa kewaye da majinyaci. Duk lokacin da idanu biyu masu fuskantar juna suka kama haske a tare, kwamfuta ta san cewa abin ya faru a kan layin da ke tsakaninsu. Daga miliyoyin irin waɗannan layuka take gina hoton jiki, inda wuraren da suka tara sukari ke fitowa baƙi ƙirin ko da launi mai haske.

Hoton PET shi kaɗai dishi-dishi yake, yana nuna akwai abu amma ba ya faɗin ainihin gaɓar da yake ciki. David Townsend da Ronald Nutt ne suka haɗa ta da sikana a inji guda, aka gwada na farko a Pittsburgh a 1998, ya shiga kasuwa a 2001. Wannan haɗin, PET-CT, shi ake nufi a yau idan ana maganar hoton limfoma.

Shirin da ake yi kafin hoton duk ya ta'allaƙa ne a kan hana lafiyayyen jiki yin gasa da ƙarin wajen shan sukarin. Majinyaci zai ƙaurace wa abinci na awa 4 zuwa 6. Kunu da fura da shayi mai sukari duk abinci ne a wannan lissafi, haka ma ƙarin ruwa mai sukari, amma ruwan sha zalla ana so a sha da yawa. Ana auna sukarin jini kafin allura, idan ya haura kimanin miligiram 200 akan ɗaga hoton, kuma masu ciwon sukari suna da nasu tsari na daban. Ana hana aikin ƙarfi kwana guda kafin ranar, ko noma ne ko daka ko jan ruwa a rijiya, domin tsokar da ta gaji na zuƙar sukari. Bayan allura mutum zai kwanta shiru na kusan awa 1 a ɗaki mai ɗumi, ba hira, ba tauna goro, don tsokar muƙamuƙi da maƙogwaro kada ta haska. Ɗumin ma da dalili: akwai wani irin kitse a wuya da kafaɗa da ke ƙona sukari idan jiki ya ji sanyi, kuma a hoto yana zaune daidai inda ake neman kaluluwa. Daga nan sai a yi fitsari, a kwanta a kan gadon na'ura na minti 15 zuwa 30. Babu zafi a ciki bayan na allurar.

Mai karanta hoton ya san inda sukari ke taruwa a jikin kowa: ƙwaƙwalwa, sau da yawa zuciya, ƙoda da mafitsara inda yake fita, da hanta daidai gwargwado. Abin da ya haska a wajen waɗannan shi ne abin bincike.

Matakin ciwo da awon nasarar magani

Amfani na farko shi ne sanin mataki. Tsarin da ake bi ya samo asali daga taron Ann Arbor na 1971, aka sabunta shi a ƙa'idojin Lugano da aka wallafa a 2014. Ana ɗaukar tantanin da ya raba ƙirji da ciki a matsayin iyaka. Idan ciwon na rukunin kaluluwa guda, mataki na 1 ke nan. Rukuni biyu ko fiye a gefe ɗaya na tantanin, mataki na 2. Sama da ƙasa duka, mataki na 3. Idan ya bazu zuwa ɓargo ko hanta ko huhu, mataki na 4. PET-CT kan gano wuraren da sikana ta tsallake, musamman a saifa da ƙashi, wani lokaci har matakin ya canza, tsarin magani ya canza tare da shi. A limfomar Hodgkin ta sauke wa majinyata wani nauyi, domin ƙa'idojin Lugano sun ce wanda aka yi wa PET-CT ba ya buƙatar a huda masa ƙashin ƙugu don ɗibar ɓargo. Tana kuma nuna wa likitan fiɗa kaluluwar da ta fi haske, wadda ta fi dacewa a ciro.

Amfani na biyu ya fi na farko daraja. Ƙwayoyin limfoma da magani ya kama sukan daina shan sukari tun kafin ƙarin ya fara raguwa a ido. Saboda haka akan sake hoton bayan zagaye 2 na magani a ga ko ana kan hanya. Don likitocin duniya su yi magana da harshe ɗaya, an amince da wani ma'auni mai hawa 5 a taron da aka yi a garin Deauville na Faransa a 2009. Hikimarsa ita ce jikin majinyacin ne ma'aunin kansa. Ana kwatanta hasken da ya rage a wurin ciwon da hasken jinin manyan jijiyoyin tsakiyar ƙirji, da kuma na hanta. Babu haske sam, 1. Bai wuce na tsakiyar ƙirji ba, 2. Ya wuce shi amma bai wuce na hanta ba, 3. Ya ɗan zarce hanta, 4. Ya zarce ta sosai ko kuma sabon wuri ya fito, 5. A mafi yawan lokuta 1 zuwa 3 na nufin magani ya ci, 4 da 5 kuma na nufin da sauran aiki.

Wani babban bincike da aka sani da RATHL, wanda ya ƙunshi majinyata fiye da 1,200 masu limfomar Hodgkin da ta yi nisa, aka wallafa shi a 2016, ya nuna abin da wannan ke haifarwa a aikace. Haɗin magungunan da aka saba bayarwa, ABVD, na ɗauke da biliyomaisin, wanda ke iya lalata huhu. Binciken ya nuna cewa waɗanda hotonsu ya yi kyau bayan zagaye 2 za a iya cire musu shi a sauran zagayen ba tare da an rasa wata nasara ta a zo a gani ba, huhunsu kuma ya tsira. Waɗanda hotonsu bai yi kyau ba aka ƙara musu ƙarfin magani tun da wuri. A nan ne PET ta fi cancantar kuɗinta: tana rage wa wani dafin da ba ya buƙata, tana hanzarta wa wani maganin da zai cece shi.

Hoton ƙarshe ba a yin sa da gaggawa. Ana jira aƙalla mako 3 bayan zagayen ƙarshe, an fi son mako 6 zuwa 8, bayan gashi kuwa kimanin wata 3, domin naman da ke warkewa shi ma yana shan sukari.

Inda hoton ke ruɗi

FDG ba ta san sankara ba, haɗamar sukari kawai ta sani. Fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙi da cuta su ma masu haɗama ne. Kaluluwar tarin fuka na haskawa daidai da ta limfoma, wani lokaci har ta fi ta. Haka kaluluwar mai ɗauke da ƙwayar sida, da maruru, da mikin fiɗa. An gina yawancin ƙa'idojin karanta PET a ƙasashen da tarin fuka ya yi ƙaranci, don haka a Nijar da arewacin Najeriya dole a karanta su da taka-tsantsan. Ƙari a kan haka, maganin sankara na raunana garkuwar jiki, tsohon tarin fuka da ya kwanta na iya farkawa a tsakiyar magani, a ga sabon haske a ƙirji a zaci limfoma ce ta dawo. Hukuncin da ƙwararru suka tsaya a kai shi ne, hasken da zai sa a canza magani gaba ɗaya a fara ciro namansa a auna. A ɗaya ɓangaren kuma, wasu nau'o'in limfoma masu jan ƙafa ba sa shan sukari sosai, su sikana ta fi dacewa da su.

Game da haɗarin hasken, abin da allurar FDG ke bai wa babban mutum ya kai kimanin milisibat 7, sikanar da ke tare da ita kuma ta ƙara nata. Abin da mutum ke samu daga ƙasa da iska da sararin sama a shekara, a matsakaicin lissafin duniya, milisibat 2.4 ne. Ba abin wasa ba ne, shi ya sa ba a yin hoton don ganin dama, amma a kan sankarar da ke kisa idan an yi kuskuren magani, ribar ta rinjayi haɗarin. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, wajibi ne ta faɗa kafin allura. Mai shayarwa akan umarce ta ta rage rungumar jariri na wasu awoyi. Washegari babu wani abin kirki da ya rage a jiki.

Dalilin da ya sa na'urar ke nesa

Wannan saurin ƙarewa alheri ne ga majinyaci, amma shi ne babban cikas ga ƙasa mai faɗi. Ƙarfin fulorin-18 na raguwa da rabi a kowane minti 110. Da za a ɗauko shi daga Yamai zuwa Dogondutsi a mota, tafiyar kusan awa 4, da abin da zai iso bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ba a sayo shi a ajiye a kanti. Kullum da asuba ake haɗa shi da wani inji da ake kira saikulotiron, wanda ke harba ƙwayoyin furoton a kan wani ruwa na musamman mai iskar oksijin-18, sannan a liƙa shi a jikin sukari, a gwada tsaftarsa, a garzaya da shi ɗakin allura. Wannan na buƙatar gini mai kaurin kankare, da masana harhaɗa magani da na kimiyyar haske, da wutar lantarki marar yankewa, abin da ba ƙaramin sharaɗi ba ne a ƙasar da ta daɗe tana sayen kaso mai yawa na wutarta daga Najeriya ta layin Birnin Kabi.

Mutane kan yi mamakin yadda ƙasar da ake haƙar yuraniyom a cikinta, a Arlit tun 1971, za ta rasa irin wannan hoto. Fulorin-18 ba shi da alaƙa da yuraniyom ko kaɗan. Wanda ke da alaƙa da shi shi ne teknisiyom-99m, sinadarin kyamarar gama, wanda uwarsa, molibdinom-99, ake samu daga fasa yuraniyom a wasu ƴan tsirarun tukwanen nukiliya na bincike, irin na Petten a Holan, da Mol a Beljiyam, da Pelindaba a Afirka ta Kudu. Ƙarfin uwar na raguwa da rabi ne a awa 66, saboda haka ana iya sako ta a jirgin sama cikin tukunyar dalma, asibiti ya yi mako guda ko fiye yana tatsar teknisiyom daga gare ta.

Wannan bambanci shi ya tsara abin da Nijar ke da shi. Cibiyar IRI ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, wadda aka kafa a 1984, tana da sashen likitancin nukiliya mai aiki da kyamarar gama, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA. Ana ɗaukar hoton ƙashi da maƙoƙo da ƙoda da zuciya da irin wannan na'ura. Ga mai limfoma amfaninta na gefe ne, amma akwai shi: dokzorubisin, wanda ke cikin ABVD da kuma haɗin CHOP da ake bai wa masu limfomar da ba ta Hodgkin ba, na iya raunana zuciya, kyamarar gama kuma na auna ƙarfin bugunta kafin magani da bayansa, ko da yake eko ma na yin wannan aiki. A watan Maris na 2021 aka buɗe sashen gashi na Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa, CNLC, a Yamai, irinsa na farko a ƙasar, kuma a 2022 Nijar ta shiga sahun ƙasashen farko na shirin Rays of Hope na AIEA. A lokacin da aka buɗe sashen babu na'urar PET a ƙasar. A Najeriya, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen likitancin nukiliya a 2006, amma PET-CT sai a farkon shekarun 2020 ta fara aiki, a wata cibiya mai zaman kanta a Legas. Asibitin Aga Khan na Nairobi ya kafa tasa a 2018. Ƴan Nijar masu hali, ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, sukan nufi Tunisiya ko Maroko ko Turkiyya ko Indiya.

Rashin PET ba ya hana magani. Ƙa'idojin Lugano da kansu sun tanadi hanyar auna mataki da nasara da sikana kaɗai, a haɗa da awon ɓargo da na jini, kuma da wannan hanya aka warkar da dubban masu limfomar Hodgkin kafin a ƙera na'urar. A ciwon Burkitt na yara ma jiran PET kuskure ne babba. Eko na ciki, da rediyon ƙirji, da awon ɓargo da ruwan laka sun isa a fara, kuma ciwon na narkewa da sauri a gaban magunguna marasa tsada irin su saikulofosfamaid da metotireksat. Ƙungiyar GFAOP, wadda likitocin Faransa da na Afirka suka kafa a 2000, ta tsara hanyoyin magani da suka dace da asibitocin yankin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa Burkitt da Hodgkin cikin sankarori 6 na yara da ta ba fifiko a shirinta na 2018, mai burin kai yawan masu tsira zuwa kashi 60 cikin 100 kafin 2030. Abin da ya fi kashe yaran shi ne zuwa a makare, da katse magani a tsakiya idan guzuri ya ƙare ko aikin gona ya kira iyaye gida.

Ga iyalin da suka tara kuɗin zuwa waje, lokacin hoton ya fi yawansa muhimmanci. Wanda aka ɗauka kafin a fara magani shi ne tushen da za a kwatanta na baya da shi, don haka a adana faifan hoton da takardar sakamako, ba takardar kaɗai ba, a kuma yi ƙoƙarin maimaitawa a cibiya guda. Bayan an tabbatar ciwon ya kwanta, ƙa'idojin ba su yarda a riƙa maimaita PET a kai a kai ba, domin hasken ƙarya ya fi na gaskiya yawa a wannan mataki, kuma mafi yawan dawowar ciwon majinyaci ne da kansa ko hannun likita ke fara gano ta. Abin da ake buƙata shi ne ganin likita duk wata 3 a shekara 2 na farko, duk wata 6 a shekara 3 masu biye, sannan sau ɗaya a shekara. Wannan dubawa ta tambaya da lalube da awon jini ce, kuma likita a Dosso ko Dogondutsi na iya yin ta idan majinyaci ya zo da takardunsa.